Akwatin kwali na kayan rabo, yadda nake haɗa nawa da hannu

Ni fa baƙar leda ta daɗe da fita raina a harkar kyauta. Mace zata ɓata wuni guda tana soya alkaki ko tana naɗa dublan, ko ta haɗa turaren wuta mai kyau da ta jiƙa shi sati da satittika, amma idan aka zo rabo sai a zuba a leda a ƙulle baki a miƙa wa baƙuwa kamar wadda ta sayo gawayi a bakin titi. Wallahi abin yana min ciwo, don wahalar da aka sha duk ta ɓuya a cikin ledar, sannan gobe ledar nan ce zaki gani ta toshe kwatar ƙofar gida. Iyayenmu ba haka suka yi ba. Kayan gara a ƙwarya ake jera shi a rufe da faifai mai ado, goro a ganye ake naɗe shi, kaya kuma a adudu ko lefen kaba da aka zauna aka saƙa, wato mazubin ma ana ba shi haƙƙinsa saboda wanda za a kai wa. Shi yasa na koma yin ƙananan akwatuna da kwali, na rabon biki da suna da walimar sauka da tsarabar Makka, kuma yau nace bari in zayyana yadda nake yi tun daga sayen kwalin, don 'yan uwa da yawa suna ɗauka sai an je wajen masu inji.

Kwalin shi ne farko kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Takarda da nauyi ake sayar da ita, zaki ji masu shago suna cewa giram kaza, ma'anarsa nauyin falle mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. Farar takardar da muke hoto-kwafi da ita yawanci giram 70 ce ko 80, wannan bata yin akwati sam, tana langaɓewa. Abin da kike so tsakanin 220 ne zuwa 300. Ni 250 na fi so don yana tsayuwa da ƙafarsa kuma yana lanƙwasuwa ba gardama, 300 yana da kyau ga abu mai nauyi amma hannu yana jin jiki idan guda ɗari zaki yi. Kwalin nan mai launi da 'yan makaranta ke saya na zane, yana yi wa ambulan da ɗan katin suna, amma ga akwati ya cika laushi, sai dai ki ninka shi biyu.

Sannan akwai iri. Akwai mai santsi da ƙyalli wanda masu buga katin gayyata ke kira at kad, akwai ruwan ƙasa mai kaushi da ake ce wa kiraf, akwai mai launi har cikinsa. Ki duba gefen falle kafin ki biya, idan fuskar ja ce amma bakin fari ne toh launin a sama kawai yake, duk inda kika lanƙwasa zai iya tsagewa farin ya leƙo, musamman baƙi da shuɗi mai duhu. Mai launi har ciki ya fi tsada kaɗan amma baya tona asiri. Ni dai kiraf ne ɗan gatana, yana ɗaukar zane, baya nuna dattin yatsa, kuma idan kika ɗaura masa ɗan ƙyallen atamfa sai kiga ya fito da kwarjini.

A Kano idan kin shiga Sabon Gari wajen masu sayar da kayan ɗab'i zaki samu manyan falle, ki roƙi su yanka miki girman A4 da injinsu, yankan inji ya fi naki miƙewa nesa ba kusa ba. Kuma ki ƙulla zumunci da wani mai buga kati a unguwarku, ragowar yankan da suke tarawa wani lokaci kyauta ma suke bayarwa ko a kuɗi kaɗan, kuma a ciki ake samun na ƙananan akwatuna. Farashi kam kullum yana motsi, dalili kuwa kusan duk takardar nan daga waje ake shigo da ita. Ƙasar nan ta taɓa gina manyan masana'antun takarda uku, na Jebba a Kwara da na Iwopin a Ogun da na Oku-Iboku a Akwa Ibom, amma basu riƙe kasuwar ba, shi yasa tun da aka saki naira a 2023 kwali yake bin dala ƙafa da ƙafa. Don haka kada ki yanke wa mai biki kuɗi da farashin watan jiya, ki fara tambayo na yau.

Kayan aiki basu da yawa. Rula ta ƙarfe, don ta roba reza tana cinye bakinta. Wuƙar yanka takarda mai sabon baki, almakashi, fensir mai tsini, biro da tawadarsa ta ƙare ƙarƙaf, farin gam irin Top Bond ko UHU, abin maƙale shanya guda takwas ko goma, da wani tsohon kwali mai kauri da zaki shimfiɗa a ƙasa don kada ki yanke tebur ko ledar ɗaki. Shikenan. Biron nan da ya mutu kada ki raina shi, shi ne babba a cikinsu, yanzu zaki ji dalili.

Abu biyu ne ke raba akwatin da zaki kalla kice kai wannan daga kanti aka sayo, da wanda da gani kinsan an yi fama. Na farko shi ne jan layi kafin lanƙwasa. Kwali mai kauri idan kika kama shi kika ninke haka kawai, bayansa yana miƙewa fiye da ƙarfinsa sai ya fashe, layin kuma ya karkace ya yi ƙwaƙwaƙwa. Abin yi shi ne ki ɗora rula a inda kike son ninkin, ki danne da hannun hagu sosai, ki ja mataccen biron nan a jikin rular sau biyu ko uku da ɗan ƙarfi har ya yi kwari amma bai huda ba. Sannan ki ninke ta yadda kwarin zai kasance a waje, ɗan tudun da ya fito ta baya ya shige ciki, ki bi kan ninkin da bayan cokali ki goge. Zaki ji kwalin ya bi hannunki da kansa, kusurwa ta fito tsaf. Duk wadda na koya wa, a wannan wajen ne take ɗagowa ta kalle ni tana murmushi, don abin da gaske yana da daɗi a hannu.

Na biyu kuma mutane ƙalilan ne suka san shi, takarda tana da hanya. Lokacin da ake yinta a masana'anta, ɓargon itacen da aka dama da ruwa yana gudu ne a kan wata doguwar raga mai tafiya, sai zararrakin cikinsa su kwanta suna fuskantar inda injin ya nufa, kuma haka suke bushewa. Ki ɗauki falle ɗaya ki ɗan tanƙwara shi a hankali ta tsawo ba tare da kin ninke ba, sannan ki juya ki tanƙwara ta faɗi, zaki ji ɓangare ɗaya ya fi saurin yarda, ɗayan yana turjewa. Ninkin da ya bi hanyar zaren yana fita sumul, wanda ya gitta shi ne mai fashewa. A akwati mai kusurwa huɗu dole ki yi duka biyun, babu makawa, amma idan kin sani sai ki ƙara jan biro a layin da ya gitta ki kuma ninke shi sannu sannu. Idan kuma akwatin dogo ne ki sa dogayen ninkin su bi hanyar.

Toh ga awon da na fi amfani da shi, na akwati mai murfi wanda duka ƙasan da murfin suke fita daga A4 guda ɗaya. A4 faɗinsa santimita 21 ne tsawonsa 29.7. Ki yanki murabba'i mai 16 ta kowane gefe, wannan shi ne ƙasan. Ki auna santimita 4 daga kowane baki ki ja layi da biro, layi huɗu kenan, zaki ga tsakiya ya rage 8 da 8, kuma an samu ƙananan murabba'i huɗu a kusurwoyi. Kowace kusurwa ki tsaga gefenta ɗaya kawai da almakashi har zuwa inda layuka suka haɗu, ta zama kunne, ki ɗan rage bakin kunnen a karkace don kada ya leƙo sama idan an haɗa. Ki ninke duk layukan, ki shafa gam siriri a kunnen, siriri nace, don gam mai yawa yana jiƙa kwali ya kumbura, ki manna shi ta ciki ki danne da abin shanya ki wuce na gaba.

Murfin kuma daga abin da ya rage, murabba'i mai 13.3, ki ja layi a santimita 2.5 daga kowane baki, tsakiya zai ba ki 8.3. Wannan milimita ukun da ya ɗara ƙasan da su, su ne ke sa murfi ya zauna ba tare da an yi kokawa ba kuma bai yi sako-sako ba. Idan kika yi su daidai wa daida murfin ba zai shiga ba sai ya murƙushe bakin akwatin. Ki lissafa 16 da 13.3, ya kama 29.3, kinga ya shige cikin 29.7 da ɗan rara, sannan gefe zai bar miki dogayen yanki biyu, ɗaya mai faɗin 5 ɗaya mai 7.7, da su nake yin ɗan katin da ake rubuta sunan amarya da ango ko na jariri. Babu abin zubarwa. Akwatin nan yana cin dabino goma har da ɗoriya, ko alawa, ko carbi da ɗan ƙaramin turare.

Amma fa kada awon nan ya zame miki dole. Abin da za a zuba shi ake fara aunawa, sannan a yanka kwali. Idan kwalbar humra ce ki ajiye ta a gabanki ki auna faɗinta da tsayinta ki ƙara rabin santimita, kuma ki saka wani falle a ƙasan ya zama biyu don kwalba tana da nauyi. Dokar dai ɗaya ce, faɗin ciki a haɗa da tsayi sau biyu, shi ne girman abin da zaki yanka.

Akwai wani mai sauƙi da nake yi idan lokaci ya ƙure, mai siffar matashin kai. Ki raba A4 biyu, kowane rabi 21 ne da 14.8. Ta ɓangaren 21 ɗin ki ja layi a 10, ki sake ja a 20, santimita ɗayan da ya rage shi ne wajen gam. Ki manne ya zama kamar hannun riga, sannan ki ɗora faranti mai faɗin kamar santimita 20 a bakin ki zana baka ki yanke, ki juya farantin ki ja wani bakan da biro yana fuskantar na farko, haka a duka bakunan biyu gaba da baya. Kina tura bakin ciki da yatsa zaki ga cikin ya taso da kansa ya rufe, ba murfi ba komai. Yana kyau da ɗan kunne, zobe, carbi, ko sabbin kuɗi na barka da sallah. Akwai kuma na Japanawa da ake kira masu, wanda ake ninkewa daga murabba'i ɗaya babu gam babu almakashi, murabba'i mai 21 yana ba da akwati kusan 7.4, sai dai shi takarda mai ɗan laushi yake so, kwali mai 250 baya yarda da yawan ninkinsa. Yara suna son shi sosai a lokacin hutu tunda babu reza a ciki.

Maiƙo shi ne abokin gabar kwali. Cincin da dublan da alkaki duk suna fitar da mai, turaren wuta ma haka, kafin a kai gidan biki zaki ga tabo ya fito a ƙasan akwati ya yi duhu. Dole ki shimfiɗa takardar gashin kek a ciki, ko ki fara zuba abin a 'yar farar leda mai tsabta sannan ki saka. Eh na san nace leda ta ishe ni, amma wannan tsabta ce, abinci bai kamata ya taɓa kwalin da aka yi wa bugu da tawada ba, balle ragowar gidan ɗab'i da baki san inda ya kwana ba. Kuma ki bari abin suya ya huce sarai, tururi yana kashe kwali nan take.

Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu kwali yana bushewa ya yi ƙarfi, fashewa a wajen ninki tana ƙaruwa, gam kuma yana kamawa kafin ki gama daidaita kunnen, don haka ɗaya bayan ɗaya ake shafawa. Da damina akasin haka ne, falle yana shan danshi ya kantare, gam ya ƙi bushewa da wuri. Ki ajiye kwalinki a kwance cikin ledarsa, a saman wadirob ko kan tebur, kada ki jingina shi a bango kuma kada ya taɓa siminti.

Wajen ado ne nake so mu tsaya mu yi tunani, don na ga ana ta kwaikwayon abin da ake gani a Instagram da Pinterest, ribon ruwan hoda da fulawar roba, alhali muna zaune a kan dukiya. Ki je wajen telanku ki karɓo ragowar atamfa da shadda da leshi, ki yanka siriri ki ɗaure akwatin da shi, idan ma ankon bikin ne kinga an dace, kowa ya karɓa ya san daga inda ya fito. Wadda ta iya zanen lalle ta ɗauki biro mai ruwan gwal ko fari ta yi irin zanen a kusurwar murfi, a kan kiraf yana fitowa kamar me. Dagin Arewa ma yana zama daram a tsakiyar murfi mai 8.3. Na walimar sauka kuwa irin zayyanar da ake yi wa allo ta fi komai dacewa, 'yan layuka da kusurwoyi ja da kore da ruwan ɗorawa a gefe gefe. Idan guda da yawa ne kuma hannu ba zai iya ba, ki sassaƙa siffar a jikin kilina babba ta goge fensir ki riƙa dangwala tawada kina bugawa. Zaren kaba da aka rina shi ma yana ɗauri mai kyau kuma arha ne.

Abu ɗaya da bana yi ko an biya ni, bana rubuta aya ko sunan Allah a jikin akwati. Mutane suna nema, musamman na azumi da na sauka, kuma niyyarsu mai kyau ce, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya akwatin nan ƙarshensa yara su yi wasa da shi ya faɗi ƙasa a taka a share a kai bola. Sai in ce wa mai aikin Hajiya ki yi haƙuri, a sa mun gode ko barka da shan ruwa ko sunan mai sauka da kwanan wata ya wadatar, kuma yawanci da na yi bayani suke cewa wallahi hakane.

Idan aikin ya kai ɗari ko ɗari biyu, kada ki ce zaki gama ɗaya ki fara ɗaya, zaki gaji tun ba a je ko'ina ba. Ki yanka samfuri guda a kwali mai kauri ki riƙa ɗorawa kina zana, ki gama duk yanka, sannan duk jan layi, sannan duk tsaga kunne, haɗawa a ƙarshe. Kuma idan wani gari za a kai ko ma wata unguwa a adaidaita sahu, kada ki haɗa, ki kai su a shimfiɗe an riga an ja layi an tsaga, a can a manna. Wannan dabarar ma ita ce asalin kwalin kanti da muke gani. Wani mai ɗab'i a Brooklyn ta Amurka, Robert Gair, ɗan asalin Sukotlan, a ƙarshen ƙarni na 19 ƙarfen injinsa da ya kamata ya danna layi ya goce ya yanke takardar, daga nan ya gane ana iya yanka da jan layi a bugu ɗaya, a tura kwali a shimfiɗe mai kaya ya tayar da shi. Akwati ɗari a haɗe sai ya cika buhu biyu kuma na ƙasa sun lotse kafin a isa, a shimfiɗe kuwa jaka ɗaya ta ɗauke su. Daren kamu ki tara ƙannen amarya huɗu ko biyar ki nuna musu sau ɗaya, ki ba kowa abin shanya da ɗan gam a murfin kwalba, ana hira ana mannawa.

Maganar kuɗi ga wadda take so ta mayar da shi sana'a, dan Allah ki saka lokacinki a lissafi. Da yawa suna haɗa kuɗin kwali da gam da ribon su ɗora ɗan abu kaɗan su ce riba, sun manta bayan da ya ƙage da yatsun da suka yi kanta da kuɗin motar zuwa kasuwa. Ki duba agogo kiga guda nawa kike gamawa a awa ɗaya, ki yanke wa awar kuɗi, ki ƙara falle goma a kan kowane ɗari saboda wanda zai lalace a yanka. Ki yi samfuri ɗaya ki kai wa mai biki ta riƙe a hannunta ta buɗe ta rufe ta zuba abinta a ciki ta gani, idan ta amince ki karɓi kuɗin kaya tukunna, sannan ki sayi kwalin gaba ɗaya a rana ɗaya a shago ɗaya, don launin da kika samu yau ba lallai ki samu irinsa sak ba idan kika koma ciko sati mai zuwa.